Muze a Kan Murhun Lantarki

Kiel, Janairu 1984

Zuwa ga Inna Billa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya sanyi, yaya gwiwar nan taki? Mu nan lafiya lau, sai tarin da matata Wiebke ta kwasa tun Kirsimeti, shi ma ya fara sakinta. Aiki a ma'aikatar ƙera jiragen ruwa yana nan, ko da yake ana ta rage mutane, kowa ya kama kansa.

Na san za ki ce sai yau Severin ya tuna yana da wata uwa a Ullrath. Ki yi haƙuri. Tun da muka binne Mama a Köln hannuna bai yarda da alƙalami ba.

Inna, bikin shiga azumin Ista ya matso, kuma bana ne karo na farko da ba mai aiko mini da gwangwanin muze, cincin ɗinmu na biki. Kin san mutanen bakin tekun nan ba ruwansu da biki. Ranar da ake rawa a titi a wajenmu, su aiki suke tafiya da fuska a murtuke. Gwangwanin Mama ne kaɗai bikina. In na buɗe shi garin sukari ya tashi, sai in ji na je gida na dawo.

Ranar Lahadi na ce bari in gwada da kaina. Na duba littafin girkin Wiebke, na kwaɓa, na yanka, na soya. Wiebke ta ɗauki guda ta ƙwanƙwasa a tebur, ta ce, "Severin, tafi da shi wurin aiki, in jirgi ya huje sai ku toshe da shi." Na yi dariya, amma raina bai yi daɗi ba.

Ke da Mama 'ya'yan wa da ƙane ne, kuma tare kuka koya a hannun kaka ɗaya. Ina tuna lokacin da gidanmu ya ƙone a yaƙi kika karɓe mu. Mama tana murza kwaɓi da kwalba, ke kina bakin tukunya da ɗankwali, ni ina zaune kan akwatin itace ina haɗiyar yawu. Marigayi Kawu Matthes ya shigo daga garke ya saci masu zafi ya zuba a hula, ki bi shi da ludayi. Ban taɓa tambayar Mama yadda ake yi ba, na ɗauka kullum tana nan. Don Allah ki rubuto mini.

Maganar ramin haƙar kwal da ake cewa zai cinye garin, ina fata har yanzu a baki take kamar yadda muka saba ji tun muna yara. Ki gaida Fina maƙwabciyarki.

Ɗanki,
Severin

Ullrath, Fabrairu 1984

Ɗana Severin,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan, ni da ita mun saba. Ka ce wa Wiebke ta tafasa albasa da zuma ta sha, ta bar sayen kwalaben kantin magani. Ka kuma gaya mata ta yi gaskiya. Muzen da aka koya daga littafin mutanen arewa, ai sai toshe jirgi.

Ka buɗe kunnenka, kuma kar ka tambaye ni awo, ban taɓa awo ba. Ka fasa ƙwai, ka zuba sukari, da man shanu kamar girman ƙwan kaza, da barasar rake cikin rabin ɓawon ƙwai. Fulawa kuwa iya abin da ƙwan ya sha, da ya daina kama yatsa ka tsaya. Ka je kantin magani ka ce a ba ka gishirin ƙaho, shi ne yake sa kwaɓi ya tashi, ka ɗebo a bakin wuƙa ka narka da ɗan ruwa ka zuba. Kada ka yi dambe da kwaɓin. Na san hannunka, hannun ɗaure ƙarfe ne, shi ya sa naka ya zama dutse. Ka haɗa shi kawai, ka rufe, ka kai shi wuri mai sanyi ya huta.

Murzawa, sai ka hango zanen katakon tebur ta cikinsa. Uwarka Agnes ta fi ni wannan, Allah ya jiƙanta. Ita take murzawa ni nake soyawa, don ita tsoron mai take. Ka yanka a karkace, mai kusurwa huɗu, kar ya fi tafin hannun jariri. Da man shanu tatacce ake soyawa, ba man gwangwani ba. Ka tsoma ƙotar cokalin katako, in ƙananan kumfa suka kewaye ta, man ya yi. In ya fi ƙarfinka ka tura tukunyar gefen murhu inda ba wuta. Garin sukari tun da zafinsa.

Ka tuna shekarar da ba mu da mai, Matthes ya tafi da agogon babansa ya dawo da kitse cikin tulu? Kai ka ci har ka yi amai bayan ɗakin kaji, ka dawo ka miƙo hannu.

Fina ba ta nan, ta tashi tun kaka. Ni ma zamana a gidan nan ya zo ƙarshe. Likita ya zo ya dube ni, ya ce kada in ja lokaci, sanyin nan ba nawa ba ne. An ce kafin Ista zan bar nan. An riga an shirya mini wuri, ba nisa da Matthes, wannan kaɗai ne ya kwantar mini da hankali. Ranar Alhamis ɗin mata, wadda ake buɗe biki da ita, zan hura murhu in soya, na ƙarshe ke nan. Kar ka tayar da hankalinka, kowa ya riga ni tafiya.

Innarka,
Billa

Kiel, Fabrairu 1984

Inna,

Ina gaishe ki, amma ban san yadda zan tambayi lafiyarki ba bayan abin da na karanta. Mu lafiya. Wiebke ta sha albasarki tana zagina.

Me likitan ya ce? Zuciya ce ko huhu? Tun yaushe kika sani? Ranar jana'izar Mama kina tsaye kusa da ni, kika riƙe mini hannu, ba ki ce komai ba. Yanzu kuma ki sa mini wannan magana a ƙarshen takarda, ƙarƙashin garin sukari, kamar kina ba ni labarin kaza ta daina ƙwai. Na karanta a tsaye a bakin ƙofa, na zauna a kan matakala ban sani ba. Wiebke ta karɓa ta karanta.

A Kiel akwai manyan likitoci. Muna da ɗakin da ba kowa tun da 'yarmu ta tafi karatu. Ki zo, Inna. Kada ki ce mini a'a tun ba ki yi tunani ba.

Na yi muzen, don na rasa abin da zan yi da hannuna. Gishirin ƙahon da na sayo, ina buɗewa wani wari ya buge ni kamar garken doki. Na koma na ce wa mai kantin ya ba ni lalatacce. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Malam, in bai yi wari ba shi ne lalatacce." Kaskon farko ya ƙone, na biyu ya sha mai, murhun lantarkin nan namu sai a hankali. Na uku ya taso, ya kumbura, ya juya da kansa cikin mai kamar yadda nake gani a tukunyarki. Inna, da ƙanshin ya cika ɗakin sai na ga taga mai raɓa, na ji takalmin Kawu Matthes a tsakar gida. Na ci guda ɗaya na kasa na biyu.

Zan nemi hutu. Ki amsa mini da wuri.

Severin

Kiel, Maris 1984

Inna Billa,

Gaisuwa da fatan wannan ta same ki, kuma ta same ki da sauƙi. Mu muna nan.

Biki ya wuce, an shiga azumi, ban ji daga gare ki ba. Kullum na dawo aiki akwatin wasiƙa nake fara buɗewa. Na buga tsohuwar wayar gidan Fina, an ce an yanke layin. Na buga gidan Fada na coci, ba a ɗauka ba. Wane irin gari ne wannan da ba mai ɗaukar waya?

Na je wurin shugaban sashenmu neman hutu. Ya ce jirgin da ke hannunmu sai ya sauka ruwa tukuna, ya ƙara da cewa, "Severin, kana gani ana sallamar mutane, mai son tafiya ƙofa a buɗe take." Na dawo na gaya wa Wiebke. Ta ce, "Matar da ta ba ku gado lokacin da ba ku da ko bargo? Tafi abinka, in an kore ka sai mu buɗe shagon muze."

In ƙarshen makon gobe ya zo ban ga takardarki ba, zan hau jirgin ƙasa, su yi abin da za su yi. Idan wani ne yake karanta wannan ba Inna ba, don Allah ya sanar da ni halin da ake ciki, ko mene ne.

Severin

Sabuwar Ullrath, Maris 1984

Severin, ɗan Agnes,

Ina gaishe ka da hannun da bai mutu ba. Lafiyata ƙalau, gwiwa ce kawai. Kada ka kuskura ka hau jirgin nan, ka zauna ka riƙe aikinka.

Takardunka biyu tare suka zo jiya. Mai kai wasiƙa ya daina shiga tsohon gari, sai da suka kwana a gidan waya kafin a gano inda nake. Na karanta ta farko na yi dariya har na riƙe ciki, na karanta ta biyu dariyar ta tsaya.

Kai yaro, wa ya ce maka mutuwa zan yi? Tashi na yi! Ramin kwal ya iso. Na ɗauka kowa ya sani, na manta kai kana can ƙarshen duniya. An gina mana sabon gari a hayin babban titi, aka sa masa sunan namu. Matattu aka fara kwashewa, tun bara aka tone su aka kai sabuwar maƙabarta. Ɗakin da aka ba ni yana kallon katangarta, in na leƙa taga ina hango dutsen kabarin Matthes. Abin da na ce maka ke nan. Likita kuwa cewa ya yi in daina taurin kai, don ni kaɗai na rage a layinmu, rijiya ta ƙafe, ba mai kawo gawayi. Ranar jana'izar uwarka ban faɗa maka ba, kana da abin da ya ishe ka.

Na soya na ƙarshen kamar yadda na ce. Ranar Alhamis ɗin mata, wadda a da ba ka jin maganar na kusa da kai don kiɗa da shewa, na fito ƙofar gida da faranti, ba kowa a titi sai wata kyanwa. An ɗauke ƙararrawar coci, an toshe tagogin makaranta da katako. Can na hango masu rushe gidan Fina suna hutawa, na kai musu. Wani baƙo a cikinsu ya ci ya ce, "Mama, kakata ma tana yin irinsa a ƙasarmu." Na ce, "Irinsa dai, ba shi ba." Suka cinye har sukarin faranti.

Murhuna bai biyo ni ba. Sun ce sabon gida ba shi da hanyar hayaƙi. Na goge shi na shafa masa mai, na rufe ƙofarsa, na fito. Ban waiwaya ba, kuma ban yi kuka ba, ka shaida.

Nan komai fari ne, komai warin fenti. Tituna duk iri ɗaya, ba bishiya, ba kare a ƙofar kowa. Mutanen da muka yi shekara da shekaru muna aron gishiri, kowa ya shige ya rufo ƙofa. Ban ga Fina ba tun da na zo.

Yanzu ga abin da ya sa na daɗe da alƙalami a hannu. Na san azumi ne, ba lokacin muze ba ne. Amma warin fentin nan ya hana ni sukuni, na ce bari in soya ko gidan ya san wadda ta shigo shi. Severin, na ƙona. Ni Billa. Wannan abin na lantarki ba ya nuna wuta, ba ya ƙara, ba ka sanin abin da ke ransa. Na murɗa, shiru. Na ƙara murɗawa, shiru. Na juya in ɗauko kwaɓi, sai hayaƙi. Na rage, bai ragu ba. Duk suka yi baƙi, matar da ke sama da ni ta sauko da gudu tana cewa, "Kaka, ki bar taɓa abin nan, in kina son wani abu ki kira ni." Kaka! A ɗakin girkina! Bayan ta fita na zauna a kujera, kukan da ban yi wa coci da murhu ba, shi na yi wa kaskon nan.

Tun ranar ban sake kunna shi ba. Burodi nake ci da cuku, ya ishe ni.

Ka ce naka na uku ya taso. A kan irin wannan abin ka yi? To gaya mini yadda ka yi. Kuma in ka faɗa wa Wiebke na tambaye ka, ba ni ba kai.

Innarka,
Billa

Kiel, Afrilu 1984

Inna Billa,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Rabona da barci mai daɗi tun Fabrairu, sai da takardarki ta zo. Mu lafiya, jirgi ya sauka ruwa, ba a kore ni ba. Wiebke ce ta buɗe takardar kafin in dawo, saboda haka ta riga ta gani. Ta ce in gaya miki ba ta ga komai ba.

Burodi da cuku ba abinci ba ne, Inna. Da ni ne na rubuto miki haka, na san abin da zan ji.

Ga yadda abin yake. Shi wannan murhu mai nauyin jiki ne, yana daɗewa bai yi zafi ba, in ya yi kuma yana daɗewa bai huce ba. Kada ki murɗa maɓallin har ƙarshe don kin ga ya yi shiru. Ki tsayar da shi a tsakiya, ki ɗora mai, ki je ki yi yankanki, ki ƙyale shi. Ƙotar cokali tana aiki a nan ma, na gwada. Farantin murhun na baya kuwa, inda ake ɗora tukunya, kada ki kunna shi sam. In mai ya so fin ƙarfinki, kada ki taɓa maɓalli, ba zai ji ki da wuri ba. Ki ja tukunyar zuwa farantin da ke kashe, kamar yadda kike turawa gefe a tsohon gida. Kasko biyu na ɓata kafin in gane. Ke kin ɓata ɗaya, har yanzu kina gabana.

Da na san ana rushe Ullrath da na zo na ga ɗakin girkin nan sau ɗaya. Ban ce laifinki ba ne. Na dai so in sake zama kan akwatin itacen.

Ki kunna shi, ko ruwan shayi ne.

Ɗanki,
Severin

Sabuwar Ullrath, Afrilu 1984

Ɗana Severin,

Na amsa gaisuwa, da fatan kun yi Ista lafiya. Ni lafiya. Gwiwa ta ɗan saki, dole in faɗi gaskiya, gidan nan ba ya sanyi.

Na jira azumi ya fita, kada Allah ya ce da gangan nake yi. Ranar Talata na share ɗakin girki, na ɗaura ɗankwali, na tsaya gaban abin nan na ce masa, "To, yau ni da kai." Na bi maganarka. Hannuna yana ƙaiƙayin murɗa maɓalli, na ɓoye shi a aljihu. Na buɗe taga don kada matar da ke sama ta sauko.

Ina kan kasko na biyu aka danna ƙararrawar ƙofa, aka kuma dannawa ba a saki ba. Na ce shi ke nan, ga ta nan. Na buɗe da shirin faɗa, sai ga Fina tsaye da jakar cefane, ta rame, ta yi aski irin na 'yan birni.

Ko gaisuwa babu, ta ce, "Billa, manki ya yi zafi, tun daga kwanar titi na ji."

Na ce, "Ke da ba ki taɓa soya abin da kare zai ci ba?"

Ta ture ni ta shige. Ta ce ta sha biyowa ta layin nan tana nemana, ƙofofi duk kama ɗaya, kunya ta hana ta ƙwanƙwasa gidan da ba ta sani ba a garin da aka ce nata ne. Ta ce ita ma tun kaka miyar gwangwani take ɗumamawa. Ta cire riga ta rataye a bayan kujera, ta ɗauki kwalba ta hau murza sauran kwaɓin ba wanda ya sa ta. Murzarta da kauri, ba ta kama ƙafar uwarka ba, na gaya mata. Ta ce in ba na so in karɓa. Ban karɓa ba.

Mun zauna a bakin taga da faranti tsakaninmu. Muka bi layinmu na da gida gida, wa ke ina yanzu, wa ya tafi wurin 'ya'yansa, wa bai kai ga tashin ba. Fina ta san ƙofar mutum uku, ni na san ta ɗaya. Ta ce ranar Talata mai zuwa za ta zo da matar maƙeri, in tanadi fulawa.

Da rani ka zo da Wiebke. Ba zan kai ka bakin ramin ba, ba abin da za ka gani.

Ka tambaye ni yadda muzen ya yi, ko ba ka tambaya ba na san kana so ka ji. Fina ta ɗauki guda ta tauna ta daɗe, ta ce, "Ba irin na da ba ne." Na ɗauka na ci, na ce, "Ba irinsa ba ne." Ban sani ba ko man ne, ko ruwan garin nan, ko bakinmu. Mun cinye duka.

Innarka,
Billa